Taya 245 da sifesa a Golf 5 GTI, wa ya taɓa gwadawa?

Jan_GTI: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Golf 5 GTI, wilin kamfani ne a jiki, inci 17, faɗi 7.5, ET51 (awon yadda wili ya lume ciki), taya 225/45. Tayun gaba sun cinye dole in canza a satin nan, shi ne nake cewa tunda kuɗin zan kashe ko ta yaya me zai hana in sa 245/40 in ƙara sifesa (faifan da ake sawa bayan wili don ya turo taya waje) mai milimita 15, don yadda tayun suke a lume cikin bodi wallahi ba ya min kyau. Ban sauke motar ƙasa ba, shokozoba na asali ne. Zai goga madigadi? Wanda ya taɓa yi a irin motar nake son ji.

Turbo_Kawai: Wa alaikumussalam. Sa abinka oga, ni mai 30 na sa a Hilux shekara uku ko tari ba ta yi ba.

Sadau77: Mutum ya ce GTI kai kana kawo mana Hilux 😂

Injiniya_B: Tun kafin a zo kan sifesa, 245/40 ba ta dace da wili mai faɗin 7.5 ba, daga inci 8 ake fara ɗora ta. Za ta hau, amma gefenta zai yi tumbi, a kwana ka ji motar tana lilo. 235/45 ita ce ke zama daidai, sai dai ta fi ta asali tsayi da kusan milimita 9. Sifesa 15 kuma zai mai da ET51 ɗinka 36. A baya yawanci lafiya, gaba ne abin dubawa in ka murɗe sitiyari gaba ɗaya.

Abu_Hanan: Ɗan uwana don Allah ka rufa wa kanka asiri. Ni irin motarka gare ni, kuma mai 10 kawai na sa, irin shafaffen nan mai ramuka da yawa da ake cewa yana shiga kowace mota. Wanda ya ɗaura min ya mai da boltin da ke jiki, na ce ba sai an sa dogaye ba? ya ce haba Alhaji ai ya kama. Ashe zagaye huɗu ko biyar kawai ya ci. Kwana biyu sitiyari ya fara rawa in na haura 100, na koma aka ce balansi ne, aka yi balansi sau biyu rawa na nan. Ranar da abin ya faru ina tafe da iyali, yarinyata tana baya tana barci, sai na ji ƙwas ƙwas, kafin in taka birki gaban motar ya dafe ƙasa, ina kallon tayata da idona ta wuce ni ta shiga daji. Allah ne ya tsare babu mota a bayanmu. Hob ya tafi, faifan birki ya tafi, madigadi ya naɗe kamar tabarma. Da na koma wurin mutumin cewa ya yi wai ni ne nake gudu.

Sadau77: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa.

Injiniya_B: Allah ya kiyaye gaba Abu Hanan, amma laifin bolti ne wannan da irin sifesan da aka sa maka. Golf bolti take amfani da shi, M14, in ka ƙara milimita 10 dole boltin ya ƙaru da 10, ya ci zagaye bakwai zuwa takwas. Kuma ramin tsakiya 57.1 ne, sifesan kirki yana da nasa leɓen da wili zai zauna a kai. Naka ba shi da shi, rawar daga nan take.

Abu_Hanan: Kai ba ka cikin motar malam. Ko na zinare ne ba zan ƙara sawa ba.

Oga_Sifana: Shekarata 22 ina kwance ƙafar mota. Duk mai sifesa sai ya dawo min da kukan boris. Ku bar masu karanta lambobi a intanet, ku tambayi mai baƙin hannu.

Injiniya_B: Maigida da girmanka, boris ɗin Golf 5 yana mutuwa ko babu sifesa. Gaskiya ne ana ƙara masa nauyi tunda an tura taya waje, amma 15 da 30 ba ɗaya ba ne. Su kamfanonin H&R da Eibach da ke ƙera shi a Jamus ai da takardar gwaji suke sayarwa.

Oga_Sifana: To a Jamus ɗin za ka tuƙa ta?

Turbo_Kawai: Kuma abin ba tsada, saiti guda bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Mk5_Fari: Wane saitin? Nawa da dogayen bolti guda 20 sai da ya ci kuɗin taya biyu. Wanda kake faɗa shi ne ya jefa tayar Abu Hanan daji. Ni 12 a gaba 15 a baya, taya 225 ɗin na bari, ba ta goga sai in na ɗauki mutum uku a baya na faɗa rami. Abin da na lura kawai sitiyari ya ɗan ƙara fizga in na taka wuta a giya ta biyu.

Sadau77: Jan_GTI in faɗi kake so ka sayi tarakta ka huta 😂

Mk5_Fari: Ni abin da ya fi ci min rai ma masu ɗaure taya da bindigar iska. Littafin motar 120 Nm ya ce a matse bolti, su sai sun ji bindiga ta daina motsi. Rannan na yi faci a hanya, na hau kan sifana da ƙafa biyu bolti ko gezau, ƙarshe guda ya karye a ciki.

Oga_Sifana: In ba a matse ba ku zo ku ce taya ta fice, in an matse ku ce an karya. Da wanne za mu ji?

Abu_Hanan: Ai nima da bindigar aka ɗaure min, shi ya sa ba wanda ya ji cewa boltin bai ci ba.

Jan_GTI: Na gode duka, Allah ya bar zumunci. To yanzu 235 ɗin da sifesa 12 fa, zai goga a gaba ko a'a?

Turbo_Kawai: Wai sifanar nan mai yin ƙas in ta kai awo, wace iri kuke amfani da ita? Tawa ta daina ƙarar.