Wai wa ya gano wa? Cacar baki kan Ry Cooder da Ali Farka Touré

Mai Faifai: Salam 'yan uwa. Wallahi yau raina ya ɓaci, dole in fito in faɗa. Da yamma ina shago ina jin wani shirin kiɗe-kiɗen duniya a rediyo, mai gabatarwa ya saka waƙa daga faifan Talking Timbuktu, ya yi ta zuba bayani kusan minti biyar a kan Ali Farka Touré, makaɗin jita na ƙasar Mali, garinsu Niafunké, noman da yake yi, komai da komai, amma ko sau ɗaya bakinsa bai furta sunan Ry Cooder ba, alhali sunan mutumin nan yana jikin bangon faifan kuma shi ne furodusa. Na kira layinsu sau huɗu ba a ɗauka ba, na tura saƙo ba a karanta ba. Ni abin da nake cewa shi ne, a duk makaɗan Amurka masu wannan kiɗan rok na tushe, wato wanda ake gauraya bulus da kantiri da waƙoƙin ƙauye, babu wanda ya kai Ry Cooder iya zama da mutane a yi aiki tare. Tun yana ɗan saurayi a Los Angeles ya fara da Taj Mahal a ƙungiyar Rising Sons, ya yi wa Captain Beefheart kiɗa a 1967, Rolling Stones suka neme shi, a 1976 ya ɗauko Flaco Jiménez mai akodiyon daga Texas da Gabby Pahinui daga Hawaii ya haɗa su a faifai guda, a 1987 ya zauna da John Hiatt da Nick Lowe da Jim Keltner suka yi faifai cikin kwana huɗu kacal. Kuma shi ya gano Ali Farka ya kai shi har ya ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 1995. Mutum mai ido ɗaya fa, tun yana yaro ƙarami ya rasa ɗayan. A ba shi haƙƙinsa mana.

Ɗan Yamai: Gano? Malam ka ce gano? Ɓata ya yi ne da har za a gano shi?

Uwar Biyu: Ni ma kalmar nan ce ta tsaya min a wuya wlh, sauran maganar duk na wuce ta

Ɗan Yamai: Mu nan Nijar tun kafin a san wani Ry Cooder muke jin Ali Farka. Yarensa na Sonrai ɗan uwan Zabarmanci ne, maƙocinmu Bazabarme a Yamai yana da kaset ɗinsa wanda har rubutun jiki ya goge, idan zaren ya sarƙe sai ya sa biro ya murɗa shi ya mayar. Mutumin da aka haifa a 1939, ya yi aiki a Rediyo Mali a shekarun 1970, faya-fayansa suna fita a Faransa tun lokacin, shi ne wai sai 1994 wani zai zo ya gano shi. Haba dan Allah.

Mai Faifai: Ɗan uwa kar ka juya min magana. Gano da nake nufi shi ne ya fito da shi duniya ta san shi. Ku a Yamai kuna jinsa na yarda, amma Grammy nawa kuka ba shi?

Malamin Tarihi: To ai wannan shi ne ainihin ciwon. Haka aka koya mana a firamare wai Mungo Park ne ya gano kogin Kwara, ya iso Segu a 1796 ya tarar da mutane da jiragen ruwansu suna fito suna kamun kifi, amma a littafi shi ne mai ganowa. Kuma ku duba ikon Allah, kogin nan ɗaya ne dai ya bi ta Niafunké. Kogin an gano shi, mutumin da ke noma a bakinsa shi ma an gano shi. Ni a aji na daina amfani da kalmar nan kwata-kwata, nakan ce wa yara ya iso, ko ya tarar.

Mai Faifai: Malam da girmanka, me ya haɗa Mungo Park da mai kaɗa jita? Ry Cooder bai zo da tuta ba, bai zo da bindiga ba

Malamin Tarihi: Kalma ce ta haɗa su, kai ka kawo ta ba ni ba.

Auta: Ni dai a ganina tunda har ya taso daga Amurka ya je Timbuktu da kansa suka yi faifan ai ya yi ƙoƙari

Baban Kaset: Kai yaro wa ya ce maka a Timbuktu aka yi? A Los Angeles aka naɗe shi a 1993, Ali ne ya je da mutanensa, Hamma Sankaré mai kiɗan ƙwarya da Oumar Touré, suka zauna 'yan kwanaki aka gama. Suna ne kawai. Ku dinga tambaya kafin ku yi rubutu. Kuma Mai Faifai, tunda faifan yana shagonka ɗauko shi ka duba bangon da kyau, sunan Ali ne a gaba, sannan aka ce tare da Ry Cooder. Shi kansa mai abin bai sa kansa a gaba ba, kai ne kake tura shi. In ma ganowa ake nema a wajen Turawa to Nick Gold na kamfanin World Circuit a Landan ya riga shi da shekaru, tun ƙarshen shekarun 1980 yake fitar da faya-fayan Ali. Taj Mahal ma ya riga shi, yana cikin faifan The Source da ya fito kafin wannan.

Auta: Baba ai sai ka gyara min kawai ba sai ka ce min yaro ba, ina da aure fa

Baban Kaset: Lokacin da nake sayar da kaset a bakin tasha ba a haife ka ba, in ban ce maka yaro ba me zan ce maka

Auta: Sayar da kaset ba digiri ba ne. Kullum a gurup ɗin nan in ƙarami ya yi magana sai an taka shi, ran nan ma haka ka yi min a kan Don Williams

Uwar Biyu: Auta ka yi haƙuri ka bar Baba, babba ne. Amma Baba kai ma ka dinga sassautawa. Mu koma kan gano ɗin. Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne in aka ce an gano mutum kamar ana nufin da can ba shi da daraja sai da Bature ya taɓa shi. Ali Farka bayan Grammy ɗin ma ai komawa ya yi gona, ya sa kuɗinsa a garinsu, har ya zama magajin garin Niafunké a 2004. Wanda aka gano ai manne wa mai gano shi yake yi, shi kuwa ko a jikinsa.

Mai Jita: Ku bar ni in shigo a matsayina na wanda yake taɓa tsirkiya. Ku saka faifan nan a kunne da kyau ku ji. Ali ne yake jan ragama daga farko har ƙarshe, ƙwarya tana tafe tana ƙas ƙas, shi Cooder yana can baya yana cike gurbi, wani lokaci ma sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji shi. Salon da aka san shi da shi shi ne ya zura wuyan kwalba a yatsa yana zamar da shi a kan tsirkiya har jitar ta yi kamar tana kuka, irin wanda ya yi a fim ɗin Paris, Texas a 1984. Amma a nan ya danne hannunsa. To ni wannan ne girmansa, ya san inda zai yi shiru. Ba ganowa ya yi ba, rakiya ya yi.

Mai Faifai: Yawwa, ka ga ai maganata kenan, girmansa

Mai Jita: A'a Malam, ban ce maganarka ba ce, na ce rakiya, kai ka ce ganowa

Na Stones: Duk kuna ta wani girmansa girmansa. Mutumin da ba shi da waƙa ko ɗaya da in ka tare mutum a titi zai rera maka. Ɗan haya ne kawai, a kira shi ya kaɗa a biya shi. Da Stones ba su saka shi a faifansu Let It Bleed a 1969 ba wa zai san shi

Mai Faifai: To su Stones ɗin su suka gano shi kenan? Ka ga yanzu kalmar ta yi muku daɗi

Mai Jita: Na Stones kar ma ka taɓo nan. Saitin jitar da Keith Richards na Stones ya yi suna da shi, wanda ake sassauta tsirkiyoyi har in ka kaɗa su haka nan ba ka danna komai ba su ba ka sautin G, a wajen Ry Cooder ya ɗauka, shi Keith da bakinsa ya amsa haka. Daga baya ne ya cire tsirkiya ta shida ya bar biyar. Cooder ma ya yi ƙorafi a hira da 'yan jarida cewa an ci da guminsa a zaman nan. In akwai wanda aka ci wa haƙƙi a labarin nan shi ne, kuma mutanenka ne suka ci.

Na Stones: Saitin jita gadon gidansu ne? Tsofaffin makaɗan bulus na Mississippi suna yin sa tun kafin a haife shi. Shi ma ɗauka ya yi

Ɗan Yamai: Su kuma na Mississippi a ina suka samo? Ai mun dawo gida. Shi ya sa da Ali ya ji John Lee Hooker, makaɗin bulus na Amurka, ya ji kamar kiɗan ƙasarsu ne. Duk abin daga nan ya tafi a cikin jirgin bayi, sannan jikan abin ya dawo ya ce ya gano kakansa

Na Stones: Wannan kuma son kai ne irin naku, komai ku ce daga wajenku ya fito

Ɗan Yamai: Irin namu su wa? Fito fili ka faɗa, 'yan Nijar kake nufi?

Na Stones: Ni ban ambaci ƙasa ba, kai ka tsargu

Admin: Dan Allah a bar maganar ƙasa, dokar gurup ce. Wanda ya sake zan cire shi na kwana uku.

Baban Kaset: Bari in ƙara muku wani abu tunda ana maganar ganowa. Faifan Buena Vista Social Club da ake ta cewa Cooder ya gano tsofaffin makaɗan Kuba, asalin shirin ma ba haka yake ba. Makaɗan Mali ne za su je Havana a 1996, Djelimady Tounkara da Bassekou Kouyaté, a haɗa su da 'yan Kuba, sai matsalar biza ta hana su tafiya. Situdiyo an riga an kama, sai aka ce to a yi da waɗanda ke ƙasa. Kuma wanda ya san gidajen tsofaffin nan ya bi ya tattaro su ɗan ƙasar ne, Juan de Marcos González. Shi ya san inda Ibrahim Ferrer yake lokacin da ya bar waƙa yana goge takalma. Amma sunan wa duniya ta riƙe? Sai a 2010 aka yi wancan haɗin na Mali da Kuba da aka so yi tun farko.

Mai Faifai: Baba ka faɗi rabi ka bar rabi. Wa gwamnatin Amurka ta ci tara saboda ya karya takunkumin Kuba? Cooder ne, dala 25,000. Wanda ya zo cin banza ba ya biyan tara. Kuma da ya so da ya rabu da Ali bayan an ci Grammy, amma har faifan da Ali ya yi da Toumani Diabaté a 2005 ya sa hannu, shekara ɗaya kafin Ali ya rasu. Taj Mahal da suka fara tare suna samari sun dawo sun yi faifai a 2022, bayan shekara fiye da 50. Wannan shi ne abin da na zo faɗa tun farko, mutumin yana riƙe zumunci, amma kun kama kalma ɗaya kun ƙi saki

Uwar Biyu: To ka janye ta mana, ka ce sun haɗu, shikenan kowa ya huta

Mai Faifai: Ba zan janye ba Hajiya. Ko a nan in mai kuɗi ya ɗauki yaro mai murya ya kai shi situdiyo ai cewa ake shi ya gano shi

Ɗan Yamai: Yaro? Ali ya girme shi da shekara 8 fa, shi 1939 shi kuma 1947. Yanzu kuma ya zama yaro

Auta: Kun gani ko, kalmar yaro ba daɗi, amma ni da aka faɗa min kowa ya yi shiru

Baban Kaset: Kai har yanzu kana nan a kan wannan?

Auta: Ina nan Baba, sai ka janye

Admin: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita mu rufe. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu sun yarda Ry Cooder babban makaɗi ne wanda ba a ba shi haƙƙinsa, kamar yadda Mai Faifai ya kawo da hujjoji da shekaru, kuma Mai Jita wanda shi ne masani a cikinmu ya tabbatar da girmansa. An kuma nuna Stones sun amfana da shi. Maganar gano kuwa saɓanin fahimta ne kawai, ma'anar da Mai Faifai yake nufi a fili take, ba don faifan 1994 ba da yawancinmu nan Najeriya ba mu san Ali Farka ba, ni kaina a shagon Mai Faifai na fara jinsa. Mungo Park da jirgin bayi duk fita ne daga batu. Shi kuma mai shirin rediyo ya yi kuskure. Auta ka ba Baba haƙuri.

Ɗan Yamai: Admin wane mafi yawa? Ni da Hajiya da Malamin Tarihi da Baba da Mai Jita duk mun ce kalmar ba daidai ba ce, mu biyar. Ƙirga naka ka gaya min

Mai Jita: Kuma ni rakiya na ce, a rubuta rakiya

Admin: Na rufe, sai da safe.