Zan kai Baba jinya Delhi: ya kuka gane hanya a tashoshin metro?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan raka mahaifina Delhi, za a yi masa aikin gwiwa. Wanda ya nema mana masauki ya ce da ɗan nisa tsakaninsa da asibitin, kuɗin tasi kullum zai cinye mana guzuri, gara mu riƙa hawa metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari. Ni ban taɓa hawa ba. Amma Baba ne damuwata: shekararsa 71, ajami da Larabci kaɗai yake karantawa. In cunkoso ya raba mu a cikin tasha, me zai kalla ya gane inda yake? Duk wanda ya taɓa shiga irin tashoshin nan, ko a wace ƙasa ce, ya taimaka mini da abin da idonsa ya gani.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Wata biyu na yi a can ina jinyar yayata. Rubutun allunan da Hindi ne da Turanci, amma mu launi ne ya riƙe mu. Kowane layi da nasa, kuma launin da ke kan taswira shi za ka gani a allon da ke rataye a sama. A tashar Rajiv Chowk, inda layin rawaya ya haɗu da shuɗi, ka sauke idonka ƙasa. Za ka ga hoton sawun ƙafa an manna a daɓe, kowanne da launin layin da yake kaiwa. Yaya ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, amma rana ta uku ta ja hannuna ta ce, "Ga namu nan, masu ruwan ɗorawa." Daga ranar ita ke gaba ina bin ta. Da safe dai ƙafafun mutane kan rufe sawun, sai ka ɗaga kai. Sannan taragon farko na mata ne zalla, an yi masa alama da ruwan hoda a ƙasa, kada ku tsaya a wurin.

Almajirin Azhar:
Launi zai kai ka layi, Yaya, amma ba zai gaya maka ɓangaren da za ka tsaya ba. Nan na ɓata a satina na farko a Alƙahira. Allon ba ya cewa gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe yake rubutawa. A layi na ɗaya, wanda aka buɗe tun 1987, ko dai ka bi wajen Helwan ko wajen Marg. Na shiga a tashar Sadat, ƙarƙashin dandalin Tahrir, sai da muka wuce tasha huɗu na lura sunayen ba su ne na rubuta a tafin hannuna ba. Na sauka, na tsallaka ɗaya gefen, na makara darasi. Tun daga nan duk baƙon da ya zo, sunaye biyu nake sa shi ya haddace: inda zai sauka da inda jirgin zai ƙare. Kuma suna yakan canza. Tashar Ramsis da can Mubarak ake ce mata, a 2011 aka mayar da ita Shuhada, har yau wani dattijon in ka tambaye shi tsohon sunan zai faɗa maka.

Maman 'Yan Biyu:
Haka ma a Delhi. Ƙarshen layin rawaya ta kudu da HUDA City Centre ne, yanzu Millennium City Centre Gurugram. Ta arewa kuwa Samaypur Badli.

Alhaji Mai Atamfa:
Ni ta ƙofar fita zan yi maka magana, don a nan na sha wuya. A Guangzhou duk ɗan kasuwar Afirka ya san tashar Xiaobei, a layi na 5, tasha ɗaya daga babbar tashar jirgin ƙasa. Ƙofofinsu haruffa ne, A, B, C, wani lokacin har da B1 da B2. Zuwana na farko na ɗauka duk inda ka ɓullo ɗaya ne. Na fito da jaka biyu cike da samfurin kaya, ga otal ɗina ina hango shi, ga titi da shinge a tsakani, babu wurin tsallakawa kusa. Sai da na sake gangarawa ƙasa na nemi wata ƙofar. Ashe kusa da inda ake duba tikiti akwai taswirar unguwa da jerin ƙofofin, kowacce da abin da ke bakinta. Saboda haka ka tambayi mai masaukinku lambar ƙofa, sunan tasha kaɗai bai isa ba. Mai ciwon gwiwa ba a sa shi hawa matakala sau biyu.

Hajiya Damagaram:
Ɗana, kada ka raina Babanka a wannan. Shekarar da na sauke farali mun hau jirgin da ke tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. Tasha tara ce, kowane wuri uku, sunansu ma lamba ne: Mina 1, Mina 2, Mina 3 wadda ke wajen jifan Shaiɗan. Matasan cikinmu na ta latsa waya, wani tsoho mutumin Tasawa shi ya karanta lambar Larabci a allo ya ce mu sauka. Haka a Harami, tsofaffi ba sa riƙe komai sai lambar ƙofa, wanda ya shiga ta 79 ta nan yake fita. Wanda ya yi karatun allo ya saba duba siffar harafi da kyau. Ka nuna masa siffar sunan tasharku sau biyu, zai riƙe ta ko da bai iya furta ta ba.

Mai Zanen Allo:
Sana'ata rubuta allunan shaguna ce a Kaduna, don haka maganar nan ta taɓa ni. A birnin Meziko, da suka buɗe metro a 1969, sun san da yawa daga masu hawa ba sa karatu, sai wani mai zane, Lance Wyman, da abokan aikinsa suka ba kowace tasha hotonta. Tashar Chapultepec hoton ƙwaron fara ne, Candelaria agwagwa. Ai kwatancen Bahaushe ke nan: ka wuce tsamiya, ka karya kwana a bakin rijiya. Ni kuwa a wata tasha a Turai na bi kibiya har ƙarshen wani dogon lungu, daidai inda hanya ta rabu biyu babu allo, sai hoton tallan turare mai haske. Na tsaya jama'a na ture ni ta ko'ina. Wanda ya tsara wurin ya san hanya, shi ya sa bai ga inda baƙo zai tsaya ba. Allo a mararraba ake buƙatarsa, kuma bayan ka karya a sake nuna maka cewa daidai ka bi. Ina fatan tashoshin Abuja da waɗanda za a gina nan gaba a samu hoto da lamba manya, a sa Hausa har da ajami, tunda yana jikin takardar naira dubu kuma tsofaffinmu da shi suke gane ta.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan isha'i na karanta wa Baba duka. Ya sa aka kawo masa kwali da alƙalami, ya rubuta launin layi da sunan tashar ƙarshe da ajami, ya bar gurbin lambar ƙofa sai mai masauki ya turo. A bayan kwalin ni zan rubuta da Turanci, da lambar wayata. Maman 'Yan Biyu, bayan aiki ba zai iya matakala ba, ya ake gane inda lif yake?

Maman 'Yan Biyu:
Ka nemi hoton mutum a keken guragu, da kibiya a gefensa. Wani lokaci yana can ƙarshen dandamali, kada ka ga nisa ka juya. Kuma ba kowace ƙofa ce ke da lif har bakin titi ba, don haka ka haɗa da wannan a tambayar da za ka yi wa mai masaukin kafin Baba ya cike gurbin nan.