Wace kalma za mu sa a gurbin "interactive"? Ga tawa: juya-ka-gani

1/ Malamai da ɗalibai, ina neman a taya ni yanke wata magana. Duk wanda ya zauna rubuta darasin dabarun bincike da Hausa sai ya ci karo da kalmar nan ta Turanci, interactive. Ana liƙa ta a jikin taswira, a jikin jadawali, a jikin manhaja. Yawancinmu sai mu rubuta "mai mu'amala" mu wuce. Ni dai ba ta kwanta mini a rai ba, kuma ina da wata da nake so a auna.

2/ Kafin a raɗa suna, a fara duba abin. Ku buɗe shafin intanet na Gapminder, cibiyar da likitan nan ɗan ƙasar Suwidin, Hans Rosling, ya kafa da iyalinsa a 2005. Kowace ƙasa ƙwallo ce a kan allo. Ta kwance an jera kuɗin shigar mutum, ta tsaye kuma yawan shekarun da ake sa ran zai rayu. A ƙasan allon akwai wani ƙaramin sanda mai nuna shekara. Ka ja shi daga 1800 zuwa yau, sai ƙwallayen su tashi suna tafiya a gaban idonka. Ka cire kuɗin shiga ka sa yawan haihuwa, hoton gaba ɗaya ya sake kama. Haka manhajar gwajin kimiyya ta PhET ta Jami'ar Colorado, wadda Carl Wieman ya fara a 2002, shekara guda bayan ya karɓi kyautar Nobel a kimiyyar fiziks: ka haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allo, ka ƙara ƙarfin batirin, ƙwan ya ƙara haske nan take.

Abin da ya haɗa su ke nan. Kai ne ke sauya wani abu, manhajar ta sake lissafi, ta nuna maka sakamako kafin ka ɗauke hannu.

3/ To me ya hana "mai mu'amala"? Mu'amala a kunnen Bahaushe ta mutane ce: ciniki, maƙwabtaka, zaman tare. Ka ce wa ɗalibi "taswira mai mu'amala", zai tambaye ka da wa take mu'amalar. "Mai hulɗa" ma ciwonsu ɗaya.

4/ Akwai kuma wani abu. Turawa sun cusa abubuwa biyu a cikin kalma guda. Wani lokaci suna nufin mutane da yawa na aiki a kan takarda ɗaya, kamar Overleaf ko Google Docs, ko rukunin Zotero inda masu bincike ke tara manazarta wuri ɗaya. Wannan muna da sunansa tuntuni, aikin haɗin gwiwa ne, ba ya buƙatar sabuwar kalma. Wanda ba mu da shi shi ne na biyun, tsakanin mutum da alƙaluma. Babu dole mu gaji cunkoson da suka yi.

5/ An kawo mini wasu shawarwari. "Mai martani" ta matso kusa, sai dai duk na'urar da ka danna tana mayar da martani, har makunnin fitila. "Mai amsa-kuwwa" kam a'a, amsa-kuwwa abin da ka faɗa take maimaita maka, alhali waɗannan manhajoji sabon abu suke fito maka da shi. Wani malami ya ce a ara kawai a rubuta "intaraktif", yadda aka yi da kwamfuta da intanet. Aro ba laifi ba ne. Amma kwamfuta abu ce da za ka nuna da yatsa, mai jin sunan ya gan ta ya gane. Wannan kuwa siffa ce, kuma siffar da aka aro ba ta koya wa mai karatu komai, sai an sake yi masa bayani duk inda ta fito.

6/ Wadda ta fi jan hankalina da farko ita ce "taɓa-ka-gani". Tana da daɗi a baki. Matsalarta, mutane za su ɗauka allon waya ake nufi, wanda ake shafawa da yatsa. A manhajar Jupyter kuwa babu abin da kake taɓawa. Shafi ne mai gidaje-gidaje, ka rubuta umarni da harshen kwamfuta na Python ko R a gida ɗaya, ka sa shi ya yi aiki, zanen ya fito a ƙasansa. Ka canza lamba ɗaya, ka sake, zanen ya canza. Fernando Pérez ya faro tushensa da IPython a 2001, aka ware Jupyter a 2014. Idan kalmarmu ba ta ɗauki wannan ba, ta bar babban kaso na aikin masu bincike a waje.

7/ Shi ya sa na tsaya a kan juya-ka-gani.

"Juya" tana ɗauke da ma'anar sarrafa abu da sauya masa fuska, kamar yadda muke cewa wane ne ke juya akalar al'amari. Ginin kuma ba baƙo ba ne a Hausa. Muna da makarantar je-ka-ka-dawo, muna da faɗi-ka-mutu. Umarni ne aka dunƙule ya zama suna, kuma idan ya dunƙule ba ya sauyawa: makarantar 'yan mata ma je-ka-ka-dawo ce, ba a cewa je-ki-ki-dawo. Saboda haka 'yan'uwa mata, ba a bar ku a baya ba.

A gwada ta cikin jimla:
"Ta ɗauko alƙaluman ne daga jadawalin juya-ka-gani na Our World in Data."
"A watan Janairun 2020 Jami'ar Johns Hopkins ta buɗe taswirar juya-ka-gani ta cutar korona."
"Manhajojin juya-ka-gani ba sa maye gurbin karanta ainihin maƙala."
Jam'i bai dame ta ba, jinsi bai dame ta ba.

8/ Inda na fi son ta shi ne gargaɗin da ke cikinta. Abin da ka gani ya rataya ne a kan abin da ka juya. Ɗauki Ngram Viewer da Google ta fitar a Disambar 2010, mai nuna yawan fitowar kalma a littattafai shekara bayan shekara (babu Hausa a cikin harsunanta, wannan zancen wata rana ne). Tana bambanta babban baƙi da ƙarami sai in ka hana ta. Tana da gurbin da ake ƙara wa layin santsi, wanda ke iya shafe tashi da faɗuwar da ka zo nema. Rumbun littattafan ma an sabunta shi fiye da sau ɗaya. Mutum biyu za su nemi kalma ɗaya su fito da zane biyu, kowa yana rantsuwa nasa ne daidai.

A Jupyter ma haka. Ana iya sa gida na goma ya yi aiki kafin na uku, sakamako ya fito da kyau a kwamfutarka, wani ya buɗe shafin daga sama zuwa ƙasa ya ga wani abu dabam. Mafi muni shi ne ɗalibin da zai yi ta juyawa har sai zanen ya goyi bayan abin da ya riga ya ƙudurta, sannan ya ɗauki hoton allo ya manna a kundin digirinsa. Malamin da ke duba aikin, idan kalmar na bakinsa, tambayar za ta zo masa da kanta: me ka juya, ka bar shi a kan nawa, kuma a wace rana? Amsar nan ya kamata ta shiga cikin kundin, a ƙarƙashin zanen.

9/ Iyakarta: ban sa Google Scholar a ciki ba. Tun 2004 aikinta neman maƙalolin bincike ne, ka rubuta ta jero maka. Ko da ka taƙaita shekaru, tacewa ka yi, ba a sake lissafa komai ba. Manhajar nema ce, sunan ya ishe ta.

10/ Wanda ya rage mini shi ne manhajojin hira irin su ChatGPT, da ɗalibai ke ta tambaya yanzu. Turawa su ma interactive suke ce musu. Ni ina ganin "manhajar hira" ta wadatar, domin a can ba ka ganin abin da ya juya, amsa kawai ake miƙo maka, kuma tambaya ɗaya kan iya samun amsa biyu. Malaman harshe da masu fassara a gidajen rediyo, ku ne kuka fi mu sanin abin da kunne ke karɓa. Ku gwada juya-ka-gani da baki, a cikin jimla, ku faɗa mini inda ta yi tuntuɓe.