Abin Da Aka Tattauna Kan Zafin Laftof Ta Wasanni

Maganar yadda za a rage zafin laftof ta wasanni ta yi tsawo, ga abin da na tsinta:

1. Kusan kowa ya ce a fara da ƙura. A buɗe bayanta, a riƙe fanka da yatsa kafin a hura iska, kada ta yi ta juyawa ta lalace. A daina ɗora laftof kan katifa. Ko ɗaga bayanta kaɗan yana taimakawa.

2. Idan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta doshi digiri 100 a ma'aunin Celsius, da kanta take rage gudu. Nan ne wasa yake fara sarƙewa.

3. Kan man da ake shafa wa firosesa don zafinta ya riƙa fita aka rabu. Wasu sun yabi na ruwan ƙarfe, wasu suka ce kul! Wuta na bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya kan allon ciki ya isa ya ƙona shi, kuma yana cin alminiyam. Ni dai ina tare da masu tsoron.

4. RAM (ma'ajiyar wucin gadi) biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya sauri. SSD (ma'ajiyar fayiloli) ma ana canzawa, amma katin hoto, mai sarrafa hotunan wasa, galibi a manne yake.

5. Rage wutar firosesa da manhajar ThrottleStop ya yi wa wasu aiki. Wasu kuma sun tarar kamfani ya kulle wannan ƙofar a BIOS, wato saitunan tushe na kwamfuta, tun bayan matsalar tsaron Plundervolt ta 2019.

Faifan sanyaya mai fanka kuwa, har aka tashi ba a daidaita ba.