Neman shawara: za a ɗauki kaluluwar Innarmu ranar cire mahaifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Innarmu ta daɗe da daina al'ada, kwatsam jini ya dawo mata. An kankaro ɗan naman cikin mahaifa an gwada, aka ce kansa ce. Likitoci a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, sun ce ranar aiki, bayan mahaifa da ƙwai, za su ɗauki kaluluwar cikin ƙugu su kai gwaji. Kawu ya ce sam, daji ba ya son ƙarfe, in ma dole ne a tsaya kan mahaifa. Me kaluluwa ta yi? Hankalina a tashe yake.

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Allah Ya ba Inna lafiya. Na yi jinyar yayata da irin wannan. Ku tambayi likita kan kumburin ƙafa, yana iya biyo bayan cire kaluluwa da yawa.

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Ƙanwata, ki kwantar da hankali ki ji. Idan kansar mahaifa za ta bar wurinta, kaluluwar ƙugu ce kan zama zangon farko, sai ta kusa da babbar jijiyar jini ta ciki. Hoto yana nuna wadda ta kumbura, amma ƙananan ƙwayoyin cuta sai an yanka naman an duba da madubin likita. A tsarin FIGO, wato ma'aunin da likitocin mata ke bi su san inda kansa ta kai, in cutar na cikin mahaifa kaɗai galibi mataki na 1 ne. In ta kai kaluluwa ta zama na 3. Daga nan ake sanin ko aikin ya wadatar, ko sai an ƙara da gashi (ƙona kansar da hasken na'ura) da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa). In ba a duba ba, ana iya sallamar Inna alhali da saura, ko a gasa ta ba dalili.
Gwajin ba ya watsa cuta. Abin da ke sa mutane zargin ƙarfe shi ne da yawa sai ciwo ya ci jiki suke zuwa asibiti.
Wasu asibitocin kan zuba launi a bakin mahaifa su bi shi zuwa kaluluwar farko, su ɗauke ta kaɗai, kumburi ya fi sauƙi haka. Ki tambaya ko zai yiwu.

Malam Sani, Sabon Gari:
Kada ki ja da Kawu a gida. Ku tafi da shi ranar ganin likita ya ji da kunnensa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Kawu ya yarda zai raka mu Litinin in sha Allah. Anti, sakamakon kan daɗe kafin ya fito?