Shin har yanzu ana koya wa yara taken ƙasa a makaranta kuwa?

Maman Khalifa, Zariya:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga iyaye da malaman da ke nan, don abin ya tsaya min a rai tun jiya.

Bayan Magariba aka kawo wuta, muna zaune a falo ana nuna wani taron gwamnati a talabijin, sai aka sa taken ƙasa. Kafin in ankara Khalifa, wanda yake aji uku a firamare, ya ajiye kwanon tuwo ya miƙe ya ƙame kamar soja, hannaye a gefe. Wallahi har na ji daɗi a raina, na ce kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Ashe ban ji komai ba tukuna. Layin farko ya kawo shi daidai. Yana shiga na biyu sai ya zame ya faɗa cikin tsohon taken da aka canja a 2024, daga nan kuma babu sauran kalma, sai gunguni yana bin kiɗan. Yayarsa da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ta dinga dariya har da riƙe ciki. Na ce to ke yi mana mu ji. Ita ma baiti ɗaya ta iya, shi ma da ƙyar.

Na tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa, ya ce, "Mama, Anti ba ta gaya mana ba, cewa kawai take mu buɗe baki." Makarantar kuɗi ce fa, Naira 45,000 muke biya duk zango.

Ba zan ɓoye ba, ni ma ban iya sabon ba. A 1988 aka haife ni, da Arise O Compatriots na tashi, ko cikin barci aka tashe ni zan kawo shi. Shin a makarantun yaranku ana zaunar da su a koya musu, ko kowa tasa ta fisshe shi?

Malam Sani Mai Alli:

Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata 17 ina koyarwa a makarantar gwamnati, bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki.

Ana yin taken, kullum ma kuwa, a asambili da safe, sai a bi shi da alƙawarin biyayya ga ƙasa, sannan a duba farce da yunifom. Amma yi daban, koyarwa daban. Da can babu wanda ya taɓa zama ya koya wa ɗan aji ɗaya, a bakin 'yan aji shida yake tsintarsa, su ma a bakin na gabansu suka tsinta. Da shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar ranar 29 ga Mayu 2024, aka koma Nigeria We Hail Thee, sai igiyar nan ta tsinke. Manyan yara ba su iya ba, malamai ba su iya ba. A makarantarmu mutum ɗaya ne aka haifa kafin 1978, shekarar da aka daina amfani da shi, wato hedimasta, shi ma lokacin ko yaye bai daɗe da yi ba. Kuma kin san yadda abin ya zo da gaggawa: cikin 'yan kwanaki majalisun biyu suka amince, aka sa hannu, shi ke nan.

Sati na farko da waya muka yi. Wani malami ya samo shi a WhatsApp, aka ɗora wayar a bakin lasifika, yara kusan 900 suna tsaye a rana suna sauraro kamar masu jin sanarwar rasuwa. Ranar da babu caji kuwa sai a koma tsohon, hedimasta ya kau da kai.

Ni abin da na yi a ajina, na rubuta baiti ukun a gefen allo na hana monita gogewa. Kullum layi biyu, in fassara musu da Hausa. Baitin farko yana cewa ne ko da ƙabila da harshe sun bambanta, mu 'yan uwan juna ne. Na tsayar da Chinedu da Bashir da suke benci ɗaya na ce to ga shi nan, aji ya ɗauki shewa. Amma abin da ba zan manta ba shi ne baiti na uku. Addu'a ce, ana roƙon Allah Ya taimake mu mu gina ƙasar da ba a zaluntar kowa. Ina gama fassarawa, ban ce su ce komai ba, sai na ji aji gaba ɗaya ya amsa, "Amin!" Yara 94. Na tsaya da alli a hannu. Wata huɗu suna rera abin nan ba su san roƙon Allah suke yi ba.

Don haka Hajiya kada ki ga laifin Khalifa. Antin tasa ma ina kyautata zaton bakinta kawai take motsawa.

Ɗan Kasuwar Kwari:

Ni dai kuna ba ni mamaki. A shekarar da buhun shinkafa ya fi ƙarfin albashi, abin da aka ga ya dace a canja shi ne waƙa? Ko yara sun iya ko ba su iya ba, me zai ƙara a tukunya? Sannan ku tuna yaran da ke wanke mana kwanuka a bakin shago, da masu tallar gyaɗa, ba su taɓa tsayawa layin asambili ba balle su rikita tsoho da sabo. Ni nawa yaran na ce musu su yi wanda aka ce a yi don kar a zane su, iyakarta ke nan.

Baba Alhaji Ritaya:

Ɗana na Kwari, maganarka akwai gaskiya a ciki, yunwa ba ta jin kiɗa. Amma bari tsoho ya sa baki, jikata ce take buga min wannan a waya.

Ina aji biyu a lardin Katsina aka samu 'yancin kai a 1960. Kafin nan taken Ingila ake sa manyanmu su rera. Da Nigeria We Hail Thee ya zo, malaminmu sai da ya kwashe makonni yana koya mana a ƙarƙashin bishiyar maina, yana buga ƙafa a ƙasa don mu riƙe kiɗan, wanda ya kuskure ya sha rankwashi. Ranar 1 ga Oktoba aka ba mu 'yan tutoci kore da fari muka yi maci. Mu ma fa ba mu san ma'anarsa ba, kada ku ɗauka zamaninmu ya fi naku a wannan fanni. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane abin da nake faɗa.

Wata Baturiyar Ingila ce mai suna Lillian Jean Williams ta rubuta kalmominsa, wannan na cikin abin da ya sa aka yi ta ƙorafi har gwamnatin soja ta Obasanjo ta canja shi a 1978. Na biyun kuwa, wato Arise O Compatriots, na 'yan ƙasa ne, an haɗa rubutun mutum biyar da suka shiga gasa, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya yi masa kiɗa. Lokacin ina koyarwa, kuma irin wahalar da Malam Sani ya faɗa mun sha ta, ba mu da waya ma, sai dai a kasa kunne a rediyo idan za a buɗe tasha da asuba.

Abin dariyar shi ne, shekara 46 ba wanda ya tambaye ni wannan waƙa, yanzu kuwa jikoki layi suke yi a ƙofar ɗakina. Muryar ce dai ta tafi.

Issoufou na Maraɗi:

Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Mu nan Nijar mun riga ku shiga wannan hali da shekara guda. A watan Yunin 2023 majalisa ta amince da sabon take, L'Honneur de la Patrie, aka ajiye La Nigérienne da muke yi tun 1961, wanda Bafaranshe ya rubuta. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai a tsohon shi ne wurin da yake cewa mu zama masu godiya da 'yancin da muka samu, kamar kyauta aka ba mu. Kun ga bambancinmu da ku: mu mun bar na Turawa, ku kun koma gare shi. Ba tsokana ba ce, amma dai ku duba.

A lakwal ɗin ɗiyata, wato makarantarsu, ranar Litinin da safe ake ɗaga tuta a rera, kuma malaminsu ya rubuta musu shi a kaye, wato littafin rubutu, sun hardace. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sai ya zamana ana jinsa ko'ina, a gangami, a rediyo, har yaran da ba su zuwa lakwal sun riƙe kiɗan. Sai dai ciwonmu ɗaya da ku, da Faransanci yake. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma har yau ɗiyata in ta gama rerawa sai ta tambaye ni me ta ce.

Maman Khalifa, Zariya:

Kai, na gode ƙwarai. Baba, Allah Ya ƙara lafiya, da kuna kusa da na turo muku su ranar Asabar. Malam Issoufou, tsokanar ta shiga, mun karɓa.

Malam Sani, don Allah ɗauko min hoton allon nan naka da fassarar ka turo. Yau da safe na tsaya a bakin get na leƙa asambilin su Khalifa. Malamai shida ne a gaba, biyu ne kawai na ga bakinsu yana tafiya daidai da kiɗan, ɗaya ma takarda ce a tafin hannunta tana satar kallo. Na so in yi wa shugabar makarantar magana, sai na tuna idan ta ce in rera mata ni ma kunya zan sha. Bari in fara hardacewa tukuna, ranar taron iyaye da malamai na tayar da zancen.