Shawarwarin da aka tattara kan tamowa da zuwa asibiti a Kaduna

A wani zama da iyaye mata, ungozomomi da ma'aikatan lafiya suka yi a Tudun Wada, maganar tamowa ce ta fi cin lokaci, kuma a ganina ta cancanci hakan. An ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi, sannan a fara masa kunu mai kauri na gero da waken suya da gyaɗa, a riƙa barbaɗa garin zogale ko na busasshen kifi, domin tsinkakken koko cika ciki kawai yake yi.

Wata ma'aikaciya ta nuna ma'aunin damtsen yara, wani ɗan tef mai launuka da ake zagaya damtsen yaro da shi, ta ce idan ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafun yaro suka kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Idan gudawa ce, a ba shi ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

Game da kuɗin magani, an shawarci magidanta su yi rajista da hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, tun suna da lafiya, kuma su fara zuwa cibiyar lafiya ta matakin farko da ke mazaɓarsu kafin su nufi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko.